Koren Fayil ɗin Malam Nababa

Lucia ce ta tallafo kansa, Muhibba ta cusa filo na biyu a ƙarƙashin kafaɗarsa, duk da haka Malam Nababa ya sake zamewa gefen dama kamar buhun da aka kwashe rabinsa. Liman na zaune a kan kujerar roba a bakin gadon, ladan na tsaye a bayansa. Ruwan Agusta na dukan kwano, sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi.

Liman ya kama hannun hagun, wanda shi kaɗai ya rage yana motsi.

"Malam Nababa, ni ne Liman. Ga ladan, ga 'yarka Muhibba. Tambaya ɗaya zan yi maka. In ka yarda, ka matse hannuna."

Ido ɗaya ya juyo a hankali. Bakin ya karkace tun ranar da ya faɗi, miyau na bin gefensa, Muhibba na gogewa da bakin mayafinta. Lucia ba 'yar gidan ba ce, maƙwabciya ce, bango ɗaya ya raba ɗakinta da nasu shekara ashirin da 'yan kai. Amma ita ta je ta ɗauko Liman cikin ruwan nan, ita ce kuma ta fi kowa sanin abin da ya rataya a kan wannan matsar hannun. In ya matse, Muhibba na da kaso a gidan da ta tashi a ciki. In bai matse ba, ba ta da ko ƙusa.

Shekara talatin da biyar Malam Nababa ya yi a ɗakin ajiyar takardu na wata ma'aikatar tarayya, tun ana Legas har aka kwaso kaya aka dawo Abuja. Mutum ne da in ka ce masa an haife ka, sai ya tambaye ka takardar. Maganarsa kullum ɗaya ce, har yaran kwatas sun haddace suna kwaikwayonsa: abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. Allah bai ba shi haihuwa ba. Da ƙanwarsa ta rasu a Malumfashi, mijinta kuma ya riga ta, sai ya je ya ɗauko 'yarta tana da shekara uku, kanta duk ƙuraje, ya ajiye ta a gaban matarsa Rukayyat ya ce ga rabonsu nan. Ranar farko da yarinyar ta ce masa Kawu ya ɓata rai, ya ce a gidan nan babu kawu, Baba ake da shi.

Rukayyat ta rasu Muhibba na aji shida na firamare. Daga nan kitso ya koma hannun Lucia, haka zancen da uba ba ya iya yi da 'ya mace. Lucia 'yar Kagoro ce, tuwo da miya take sayarwa a tashar Jabi, kowa Maman Promise yake ce mata, ban da Muhibba da ta yanke ta bar Mama kawai. Da azumi Lucia kan miƙo kunu ta kan katanga, da Kirsimeti Malam Nababa kan yanka mata kajinta da hannunsa don yarinyar ta samu ta ci.

Lokacin da gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, shi da Zacharias mijin Lucia suka bi layi tare, kowa ya sayi nasa ɓangaren: ɗaki biyu da falo a tsofaffin kwatas na bayan Jabi, inda a lokacin ko mai acaba sai ya yi ƙorafi kafin ya kai ka. Daga ranar Malam Nababa ya buɗe koren fayil. Kowace takarda da ya cika a rayuwarsa, ta ma'aikata, ta banki, ta fansho, ta asibiti, ta sayen gidan, akwai kwafinta a ciki, an huda an zura igiya, an sa lamba da jan biro. A kowacce, a layin nan da Bature ya kira next of kin, wato makusancin mutum, sunan Muhibba ne da manyan baƙaƙe. Fayil ɗin na kan wadirof, a nannaɗe cikin leda saboda danshi. In ya yi baƙon kirki sai ya sauko da shi ya nuna, ya buga tafinsa a kai sau uku kamar yadda yake yi a ofis in an rufe magana, ya ce shi ya gama da Muhibba, ko yau ya faɗi ba ta da kuka.

Lucia ta san ba haka ba ne. Ta sani tun shekara shida da suka wuce, lokacin da Zacharias ya mutu. Ita ma sunanta ne a wannan layin, amma sai da ta yi wata goma sha huɗu tana zarya kafin a buɗe mata ko ƙofar banki, kuma da ba don tana da ɗa namiji ba, da dangin mijin sun fitar da ita da tukwanenta. Ta sani, ta yi shiru. Sau nawa ta buɗe baki ta rufe. Ta ce wa kanta ba addininta ba ne, ba gidanta ba ne, kuma wace ce mai tuwo da za ta koya wa Malam Nababa takarda. Gaskiyar ita ce kunya ta ji, kuma kunyar nan ce take ci mata rai har yau.

Sai wata Litinin da ruwa ya kore ta daga tasha da wuri, ta same shi a baranda yana ɗinke lemarsa da zare, rediyo a gefe. Ta lura hannun yana rawa, sau uku yana kuskure ramin allura. Ta ajiye kwanukanta ta zauna a kan dakali.

"Oga Nababa, wannan layin da kake sa sunan yarinyan nan, ba gado ba ne fa. Sunan wanda za su kira ne ya zo ya ɗauki gawa."

Ya yi dariya har da tari. "Maman Promise, na bar miki tuwo, ki bar mini takarda."

Ba ta bari ba. Ta kwashe labarin wata goma sha huɗun nan ta zuba masa, ofis bayan ofis. Sannan ta tambaye shi, a wajensu, in mutum ya mutu ba ɗa ba mata, wa ke ci. Ai ya sani, tun yana makarantar allo ya sani. Yana da ƙane a Malumfashi, uba ɗaya uwa daban, Abdulmajeed, wanda rabon da su haɗu tun wani biki shekara tara baya. Shi zai ci duka, 'yar ƙanwa ba ta da komai. Amma Malam Nababa ya daɗe da raba abin gida biyu a kansa, kuma rabon ya yi masa daɗi.

"Gonar Malumfashi ta gado ce, ta bi shari'a, ban hana ba. Wannan gidan kuwa gwamnati ce ta sayar mini da takarda. Abin da ya zo da takarda, takarda zai bi."

"To ka tambayi Liman ɗinku. In ya ce ƙarya nake, zan ba ka tuwo kyauta har ka mutu."

Ya kashe rediyon, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ana tsakiyar labarai ba. Can ya ce Juma'a in an sauko zai tsayar da Liman, in ma wasiyya ce sai a rubuta a ƙara a fayil. Ranar Laraba da hantsi ya faɗi a bakin famfo da buta a hannu. Kwana tara a asibiti, likita ya ce su kai shi gida su ci gaba da addu'a.

Liman ne ya fayyace musu a tsakar gida kafin su shiga ɗakin. Wanda ke ciwon ajali ba ya kyautar da gida, wannan ƙofa ta rufe. Abin da ya rage wasiyya ce, ita ma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Tunda harshe ya tafi, ishara na iya tsayawa, in dai shaidu biyu sun fahimce ta ba tare da kokwanto ba. Lucia ta ce ko kashi ɗayan ne a samu, ya isa yarinya ta riƙe ɗaki, ko ta samu bakin magana ranar da za a sayar. Liman ya girgiza kai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma bari a gwada.

Shi ne yanzu yake riƙe da hannun, ya sunkuya kusa da kunnen.

"Ka yi wasiyya da sulusin abin da ka mallaka ga Muhibba? In haka ne, matse."

Yatsun suka motsa. Amma ba matsewa suka yi ba, zamewa suka yi daga hannun Liman. Hannun ya tashi yana karkarwa, ya nuna saman wadirof. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya sake nunawa.

Muhibba ta taka kujera ta sauko da fayil ɗin, ta cire ledar, ta ɗora masa a ƙirji. Ya shimfiɗa tafinsa a kai. Ya ɗaga ya buga, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai fuskar ta saki, rabin da ke da rai ya yi wani abu mai kama da murmushi, idon ya lumshe.

Liman ya zare fayil ɗin a hankali ya kwance igiyar. Ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana lasar yatsa, ladan na karanta masa na Turancin. Har da rasit ɗin kuɗin makarantarta na aji ɗaya, har da katin rigakafi. Babu wasiyya. Ya mayar da fayil ɗin, ya sake kama hannun, ya sake tambaya. Ya yi ta uku. Hannun na kwance a cikin nasa, da ɗumi, ba ya cewa komai.

"Malam, ai ka gani," in ji Lucia. "Ya nuna. Duk takardan nan sunan yarinyan ne. Me kuma kake so?"

Liman bai ɗago ba. "Na ga ya nuna fayil, Maman Promise. Ban sani ba ko cewa yake na yarda, ko cewa yake ba a buƙata, na riga na gama. In na rantse a kan abin da ban tabbatar ba, na cuci kaina, na cuce shi a kabarinsa."

Idanun Liman sun yi ja. Ya ce zai dawo gobe da hantsi, wataƙila jikin ya ɗan sake. Lucia ta tsani mutumin nan a wannan lokacin kamar ta shaƙe shi. Abin da ya fi ƙona ta shi ne ta fi shi sanin ma'anar bugun nan uku, ta gan shi ya fi sau ɗari. Ciwon ya share Litinin ɗin nan daga kan Malam Nababa, ya bar masa shekara talatin da biyar ɗinsa na ofis.

Kullum da ƙarfe shida da rabi rediyonsa ke ratso bango ya iske Lucia a madafa. Tun da ya kwanta, Muhibba ce ke kunna masa. Washegari, safiyar Juma'a, an kunna, mai labarai ya fara jero kanun labarai, bai kai na uku ba aka kashe. Lucia ta sauke tukunyar daga wuta, ta wanke hannu, ta ɗaura ɗankwali. Ta iske Muhibba a durƙushe ta rufe masa ido, tana ta gyara masa wuyan riga kamar yana shirin fita ofis. Bayan an sauko daga masallaci aka ɗauke shi, Liman ne ya yi masa salla.

Lucia ta shirya wa kura, sai ga wani siririn dattijo ya sauka a tashar Jabi ranar Asabar da jakar leda da takalmin da ya sha faci. Alhaji Abdulmajeed ke nan. 'Ya'yansa goma sha ɗaya, gonar da suke ci a cikinta shekara uku 'yan bindiga sun hana shi taka ta. Ya ci abinci kaɗan, ya yi kuka na gaske, ya yi wa Lucia godiya har ƙasa a kan ɗawainiyar ɗan'uwansa. Da mugu ne da abin ya fi sauƙin ɗauka.

Sai takardun Malam Nababa suka fara aiki, kuma sun yi aikinsu tsaf. Asibiti Muhibba suka nema. Banki ita, ofishin fansho ita. Duk inda aka buɗe fayil sunanta ne, don haka ita ce mai zuwa, ita ce mai bin layi, ita ce mai sa hannu ta karɓo takardar da za ta kai wani ofishin. Sati shida tana neman izini a kamfanin kwali na Idu inda take aikin rubuta kaya, har oga ya fara yi mata kallon banza. Kawu Abdulmajeed bai yi boko ba, saboda haka da hannunta da bironta ta cika takardun da za su mayar da gidan nasa.

Ranar da suka dawo daga ofishin gado na kotu, ta shigo madafar Lucia ta zauna a kan turmi ba ta cire takalmi ba. Ta ce an ce kafin a ba da takardar izinin gado sai an biya kason hukuma, ɗaya cikin goma na ƙimar abin da mamaci ya bari. Bayan Jabi kuwa yanzu ba bayan gari ba ne, benaye sun kewaye kwatas ɗin, ƙimar da aka yi wa ɗaki biyu da falon nan ta sa Kawu ya nemi wurin zama. Ko an haɗa shi da 'ya'yansa an sayar, in ji shi, ba za su kai ba. A bakin ƙofar ofishin kuma akwai dillali da ya riga ya san lambar gidan. Zai biya kason, a sayar masa.

"Mama, na duba takardar gaba da baya," in ji Muhibba. "Akwai layin mata, akwai na 'ya'ya, akwai na 'yan'uwa. Na tambayi mutumin ina na wadda aka riƙa. Ya ce babu."

Ba ta yi kuka ba. Lucia ce ta yi.

Da la'asar ta sami Alhaji Abdulmajeed a baranda, a kan kujerar mamacin. Wannan karon ba ta tsaya kunya ba. Ta gaya masa zancen Litinin, da lema, da rediyon da aka kashe, da alkawarin Juma'a. Ta ce ta rantse da Littafinta in yana so. Ya saurara har ta gama, kansa a ƙasa.

"Baiwar Allah, ban ce kin yi ƙarya ba. Na yarda ya yi niyya. Amma niyya ba ta raba gado." Ya murza carbinsa. "Wallahi na zo da nufin in bar ta ta zauna har ta yi aure. To ga abin da hukuma ta ce. In ban sayar ba, ba ni da gidan, ita ma ba ta da shi. Ni kuma akwai bakuna goma sha ɗaya suna jirana."

Ya ce in Muhibba ta yarda ta bi shi Malumfashi, 'yarsa ce, ba zai kasa ciyar da ita ba. Muhibba na jin su daga ɗaki. Rabonta da Malumfashi tun tana shekara uku. Ta fito ta durƙusa ta ce ta gode, Kawu, amma aikinta na nan. Bayan an sayar ya ba ta wani abu a ambulan, ihsani, ya ce ta yi haƙuri ba yawa. Ya bar mata gadonta na kwana da rediyon. Fayil ɗin ma ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce shi ba ya iya karantawa, kuma ya ga duk sunanta ne.

Ƙaurar ba ta ɗauki rabin awa ba, taku goma sha biyu ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Promise na aiki a Lokoja, ɗakinsa babu kowa. Gadon bai shiga ko'ina ba sai jikin bangon tsakiya, don haka Muhibba ta koma kwana da kanta a jingine da bayan ɗakinta na da. Mai sayen ya ce sai baɗi zai rushe, kafin nan ya zuba 'yan haya.

Ranar Asabar da safe Lucia ta shigo mata da koko. Ta same ta a zaune a bakin gado cikin kayan aiki, koren fayil ɗin na kan akwati a gindin bango, ba leda. Daga can ɓangaren wani ya fara buga ƙusa, ko hoto za a rataya ko labule. Kowane bugu sai garin farar ƙasa ya zubo ta tsagar bangon ya sauka a kan fayil ɗin. Lucia ta tsaya da kofi a hannu. Muhibba ta jira har mai bugun ya gama, sannan ta kama bakin mayafinta ta goge.